BANGON DA YA KE ƊAUKE DA KAYA

   

Yau maganarmu a kan bango ce, bangon nan na tsakiya da ya raba ɗaki biyu a gidanka. Watakila ka daɗe kana dubansa kana cewa a ranka, da ma a ce babu shi. Iyali sun ƙaru, baƙi suna zuwa babu wurin zama, ko kuwa shagonka ya yi maka kaɗan, ga ɗaki a bayansa ba a yin kome da shi. Sai ka ce, bari in fasa bangon nan ɗakunan su zama ɗaya. Wannan buri ba laifi ba ne, gama kowa yana son yalwa. Amma kafin ka ɗauki guduma, ina roƙonka ka ba ni kunnenka na ɗan lokaci.

Bari in soma da misali. Akwai wani mai goro, yana da gida wanda ya gada wurin ubansa, ɗaki biyu manne da juna. Da kasuwa ta yi masa kyau sai ya kware kwanon, ya sa aka zuba rufin kankare, irin wanda magina a nan su ke kira dal, domin yana so wata rana ya ɗora bene. Ana nan sai aka sa ranar bikin 'yarsa. Ya ce lalle sai ya sami babban falo kafin ranar. Ya kira samari biyu masu ƙarfi, suka yi jinga, suka ce aikin yini ɗaya ne. Da safe sun zo da guduma da diga ke nan, sai ga wani tsohon magini maƙwabcinsa zai wuce. Ya tsaya, suka gaisa, ya leƙa ɗakin, ya ɗaga kai ya dubi sama. Sa'an nan ya ce, "Maigida, kayan da ke kan bangon nan, wa ka ba?" Mai goro ya yi dariya ya ce, "Baba, wane kaya? Ai ba kome a kansa sai rufi." Tsoho ya ce, "To, shi na ke nufi."

Mu bar su nan a tsaye, za mu komo gare su. Tambayar tsohon nan ita ce dukan maganarmu ta yau: kayan da ke kan bangon, wa ka ba?

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin sha'anin kaya. Idan ɗan dako ya ɗauko huhun goro daga tasha, nauyin yana sauka daga gammo zuwa wuya, daga wuya zuwa baya, daga baya zuwa ƙafafu, daga ƙafafu zuwa ƙasa. In wani ya zo ya kwashe ƙafafunsa, huhun ba zai tsaya a iska yana jiran wani ɗan dako ba. Hakanan gida ya ke. Rufi yana zaune bisa azara ko katako ko rodi, su kuma suna zaune bisa bango, bango yana zaune bisa harsashi, harsashi bisa ƙasa. Nauyin gida dare da rana yana bin wannan hanya. Ranar da ka cire bango, nauyin ba ya raguwa ko da na ƙwayar gero. Hanyarsa kaɗai ka toshe, shi kuwa lalle sai ya nemi wata. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. In ba ka shirya masa hanya ba, zai bi ta kan mai barci a ɗakin.

Watakila ka ce, nauyin nawa ne? To, mu yi lissafi kamar yadda mu ke yi a kasuwa. Ɗaki mai faɗin mita 4, tsawon mita 4, an zuba masa kankare zalla mai kaurin santimita 15. Nauyin wannan rufi kaɗai ya kai kilo 6,000, watau buhun siminti 120, ko kuwa manyan bijiman gudali 10 ko fi, suna tsaye bisa kanka. In ɗaki biyu ne irin wannan, kuma an shimfiɗa rodin ta yadda kawunansu su ke kan bangon tsakiya, to bangon nan yana ɗauke da rabin kayan wannan ɗaki da rabin na wancan, buhu 120 ke nan a kansa shi kaɗai. Ba mu ƙidaya tankin ruwa ba tukuna, wanda in ya ci lita 1,000 ya ƙara buhu 20. Ba mu ƙidaya bulon da aka tara a sama domin benen gobe ba. Rufin soro na ƙasa shi ma ba wasa ba ne, gama ƙasar da aka daɓe bisa ɗaki irin wannan tana kai dubban kilo, kuma in ta sha ruwa ta kan ƙara nauyi. Rufin kwano ya fi su sauƙi, gaskiya ne, amma katakansa su ma suna da inda su ke zaune.

Magina na dā sun san wannan sarai, ko da shi ke ba su da siminti. Ku lura da tsofaffin ɗakunan soro a ƙasar Hausa, za ku ga ba su da faɗi. Dalili shi ne azara, watau icen giginya da a ke tsagawa. Tana da ƙarfi, gara ba ta cika cinta ba, amma in aka ɗora mata ƙasa ba ta iya ƙetare fiye da kamu huɗu, watau kusan mita 2, ba tare da ta lanƙwasa ba. Saboda haka in magini yana son ɗaki mai faɗi, sai ya fito da tauyi daga jikin bango domin ya rage tazarar. In yana son wanda ya fi haka, sai ya kafa ginshiƙi a tsakiya. In kuwa gwani ne, sai ya yi bakan gizo, ya jera azara cikin ƙasa daki-daki har ƙafafun bakan su haɗu a sama. Da irin wannan sani Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Jumma'a na Zariya, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A nan Ngawundere ma, wanda ya taɓa shiga zauren fadar Lamiɗo ya ga manyan ginshiƙan da su ke riƙe da rufin. An yi musu ado, amma aikinsu ɗaukar kaya ne. Mutanen nan ba su taɓa samun faɗi a banza ba. Kowane taki na faɗi da suka ƙara, sai sun biya shi da tauyi, ko ginshiƙi, ko baka.

Me ya sa faɗi ya ke da tsada haka? Ka gwada da kanka. Ka ɗora katako bisa kwata mai faɗin taki ɗaya, ka jera bulo a kansa daga wannan baki zuwa wancan, zai ɗauka. Ka nemo katako mai kauri iri ɗaya ka ɗora bisa kwata mai faɗin taki biyu, ka jera bulo haka. Za ka zaci wahalarsa ta ninka sau biyu. A'a. Masu ilimin gini sun auna sun tarar wahalar da tsakiyar katakon ta ke sha ta ninka sau 4, lanƙwasawarsa kuwa sau 16. To, rufin da aka yi domin ya ƙetare mita 4, ka cire bangon tsakiya ka ce ya ƙetare mita 8, ka san abin da ka roƙe shi? Ban da haka, rodin ko katakan da su ke sama sau da yawa a daidai kan bangon nan aka yi mahaɗarsu. In bango ya tafi, kawunansu suna reto, ba abin da su ke kai.

Yanzu ƙaƙa za ka gane bango mai kaya? Ga alamu, ka riƙe su. Da fari, ka hau ka duba yadda azara ko katakan rufi su ke kwance. In sun gitta bangon, ko kuwa kawunansu suna zaune a kansa, mai kaya ne. Na biyu, in gidan bene ne, ka duba ko akwai wani bango a sama daidai kansa. In akwai, na ƙasa shi ke goye da na sama. Na uku, kauri. Bulo mai santimita 15 ko 20 an fi yin bangon kaya da shi, mai santimita 10 kuwa na raba ɗaki ne. Na huɗu, a haƙa gindinsa kaɗan. In yana da harsashi mai zurfi kamar na bangon waje, wanda ya gina shi ya nufe shi da kaya. Na biyar, bangon da ya bi tsakiyar gida daga wannan kai zuwa wancan, ka ɗauke shi mai kaya ne sai gwani ya ce maka ba haka ba. Dukan bangon waje kuwa ba a ma tambaya.

Amma ina gargaɗinka da abu biyu. Na ɗaya, bango yana da wani aiki ban da ɗaukar rufi, shi ne riƙe 'yan'uwansa. Dogon bangon ƙasa yana tsaye ne domin gajerun bangaye na ciki sun kama shi, kamar yadda a ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ka cire na ciki, ko da rufin kwano ne marar nauyi, dogon ya zama shi kaɗai gaban iska da ruwan damina. Na biyu, sirrin bango ba duka a ke ganinsa da ido ba. Siririn bango wanda ba a gina shi domin kaya ba, in shekaru suka wuce rufi ya ɗan sauko ya zauna a kansa, shi ma ya zama mai kaya, ba wanda ya sani.

Kada ku ce wannan tsoro ne na mutanen da ba su da injiniya. Bari in kai ku ƙasashe masu nisa ku ji. A birnin Urushalima, daren 24 ga watan Mayu 2001, ana bikin aure a saman wani babban gidan biki, mutane ɗaruruwa suna rawa. Ginin tun asali daɓensa ba shi da ƙarfi sosai, amma akwai bangaye na raba ɗaki a hawan da ke ƙarƙashi, su ne suka taimaka suka riƙe shi shekara da shekaru. Kafin bikin sai masu gidan suka cire bangayen nan. Daɓen sama ya soma lotsawa. Maimakon su gane gargaɗi ne, sai suka cika wurin da ya lotsa da kwaɓin siminti domin ya daidaita, watau suka ƙara wa mai nishi kaya. A tsakiyar rawa daɓen ya buɗe, mutane suka zuba ƙasa. Mutum 23 suka mutu, fiye da 300 suka ji ciwo. Ku lura, ranar da aka cire bangayen ginin bai faɗi ba. Ya jira sai ranar da ɗaki ya cika da mutane.

A ƙasar Sin kuma, a birnin Harbin, ƙarshen watan Afrilu 2023, wani ɗan haya ya karɓi hawa na 3 na wani bene mai hawa 31. Yana son fili mai faɗi domin sana'arsa, sai ya sa aka rushe bangon kaya. Nan da nan tsaga ta soma hawa sama, hawa bayan hawa. Aka kwashe iyalai fiye da 200 daga gidajensu. Mutanen nan ba su taɓa guduma ba, ba a kuwa shawarce su ba. Mutum ɗaya ya so faɗi, jama'a suka rasa wurin kwana.

Mu komo gida Kamaru. Ba mu manta da watan Yuli 2023 ba, sa'ad da bene mai hawa huɗu ya faɗa kan wani ƙaramin gida a Duwala cikin dare, mutum fiye da 30 suka rasu. Cikin kwanakin nan kuma wani bene ya rushe a nan Ngawundere, a unguwar Baladji, aka yi hasarar rayuka. Kowane gini da ya faɗi da irin sanadinsa, amma darasin ɗaya ne: kayan da su ke sama ba su san mai laifi da marar laifi ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, watau ba a cire bango ke nan? Ana cirewa. Kullum ana yi, ana kuwa zama lafiya. Sai dai aikin yana da tsari, kuma tsarin ba ya son a juya shi. Ga shi bi da bi.

Da fari ka kira wanda ya sani, injiniyan gini, shi ne ya ke iya lissafin kayan da girman abin da zai karɓe su. Ka kira shi tare da magini mai shekaru a sana'a. In kana da zanen gidan ka nuna musu. Ka bar su su hau sama, su haƙa ƙasa. Kada ka ɓoye musu niyyarka ta ɗora bene nan gaba. Kuɗin da za ka ba su bai kai kuɗin rufi ɗaya ba, balle ran mutum. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, izni. A Kamaru akwai dokar tsarin birane ta 21 ga watan Afrilu 2004, wadda ta sa a nemi takardar izni a ofishin magajin gari domin gini da kuma rushewa. Ka je ka tambayi abin da ya shafi aikinka. In kai ɗan haya ne, ko a kasuwa ko a gida, bangon ba naka ba ne, kada ka taɓa sai da yardar mai shi. In kuwa bangon ya haɗa ka da maƙwabci, ko akwai mai zama a samanka, ka faɗa masa tun da wuri, gama shi ma ransa yana cikin cinikin.

Na uku, lokaci. A nan Ngawundere damina doguwa ce, tun daga wajen Afrilu har Oktoba, ruwa kuwa mai yawa. Bangon ƙasa ya kan yi laushi, rufi ya yi nauyi, ƙasar gindin harsashi ta jiƙe. Ka bari sai rani. Kada kuma ka ɗaura aikin da ranar biki ko ranar suna, gama sauri ya kan haifi nawa.

Na huɗu, ka fitar da iyali da kaya daga ɗakunan biyu da abin da ke samansu. Ka zubar da ruwan tanki, ka sauke bulon da aka tara. Ka yanke wutar lantarki, ka rufe famfo, domin waya da bututu su kan bi ta cikin bango.

Na biyar, tokara. Kafin a cire ko bulo ɗaya, a jera matokarai na ƙarfe ko na katako mai ƙwari a gefen nan da gefen can na bangon, kusa da juna. Kowane ɗaya ya tsaya bisa katako mai kauri a ƙasa, ya kuma tokari wani katako a sama, a matse shi sosai har ya karɓi kayan. Icen da gara ta ci ko ɗanyen ice mai lanƙwasa ba matokari ba ne. Su ne 'yan dakon wucin gadi, su za su riƙe kayan har a gama shirya mai ɗauka na dindindin.

Na shida, ginshiƙai. Kayan da dā su ke baje bisa dukan tsawon bango yanzu za su taru a wuri biyu kaɗai, dama da hagu. Ku mata kun san tabarya ta fi tafin hannu nutsewa cikin gari. Saboda haka sai a haƙa sabon harsashi mai faɗi a ƙarƙashin kowane gefe, a ta da ginshiƙi na kankare da rodi. Wanda ya ɗora sabon kaya bisa guntun tsohon bango, ya mai da haɗarin gefe ne kawai.

Na bakwai, babbar linta, watau doguwar kankare mai rodi a ciki, ko ƙarfe mai kauri, wadda za ta kwanta bisa ginshiƙan ta karɓi aikin bango. A fasa saman bangon kaɗai a yi mata wuri. Kowane kai nata ya zauna sosai bisa ginshiƙi, samanta kuma ya manne da rufi, kada a bar rata. Zurfinta da yawan rodinta injiniya ne zai faɗa. Kada ka yi ciniki a kan wannan kamar yadda ka ke yi a kan atamfa. In ya ce rodi shida, kada ka ce huɗu sun isa. Kada a rage siminti, kada a yi kwaɓi da yashi mai laka, kada a cika ruwa domin a ji daɗin zubawa.

Na takwas, haƙuri. Kankare ba bushewa ya ke yi kamar tufa a igiya ba, nuna ya ke yi sannu sannu, kuma yana son ruwa. A riƙa yayyafa masa ruwa aƙalla kwana 7. Ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Kafin nan kada a taɓa matokarai, ko da mai su ya matsa yana so ya kai su wani aiki. Bayan ya nuna sai a sauke sauran bangon, daga sama zuwa ƙasa, kaɗan kaɗan. Kada a sare shi ta gindi a ture. Daga ƙarshe a sassauta matokarai ɗaya ɗaya, ana duban sama.

In ka yi lissafi ka ga aljihunka bai kai wannan ba, babu kunya. Akwai hanyoyi masu sauƙi. Ka buɗe babbar ƙofa a tsakiyar bangon, da linta a kanta, ka bar kafaɗa mai faɗi dama da hagu. Ko ka bar ginshiƙi a tsakiya kamar na zauren fada, ba wanda ya taɓa raina zaure domin yana da ginshiƙi. Ko ka kafa rumfa a tsakar gida. Ko ka jira baɗi.

Yanzu ina da magana da wanda ya riga ya cire, yana saurarona gabansa yana faɗuwa. Ina da magana kuma da ke uwargida, gama ke ce ki ke wuni a gidan, ke za ki fara gani. Gini ya kan yi magana kafin ya faɗi. Ƙofar da dā ta ke rufuwa lafiya, yanzu tana cijewa. Tsaga ta fito daga kusurwar taga ko ƙofa tana tafiya a karkace. Rufi ya yi ciki a tsakiya, ko ruwa ya soma kwanciya a samansa inda dā ba ya kwanciya. Gari yana zubowa kan shimfiɗa kowace safiya. Da dare ana jin ƙas ƙas. In kun ga tsaga, ku ja layi da gawayi a ƙarshenta, ku duba gobe. In ta wuce layin, tana tafiya ke nan. Kada a shafe ta da siminti a ce an gyara, ku tuna da gidan bikin nan na Urushalima. A fitar da yara tukuna, a kwana a waje ko wurin dangi, sa'an nan a kira gwani a tokare. Kada kowa ya koma ciki domin akwati ko keken ɗinki. Ke kuma kada ki ji nauyin faɗa wa maigida, ko da ransa zai ɓaci. Ɓacin ran yini ɗaya yana da magani.

Kai magini, da kai saurayi mai guduma, ku ma ina da kalma gare ku. Mai gida zai ce muku, "Ku dai ku fasa, ni na ɗauki nauyin." Ba ya iyawa. Ba mutumin da ya ke iya ɗaukar buhu 120. In kun ga bangon mai kaya ne, ku faɗa masa a fili, in ya ƙi ji ku tattara kayan aikinku ku tafi. Kuɗin yini ɗaya za ku rasa. Ku tuna kuma, wanda ya ke riƙe da guduma shi ne ya fi kowa kusa da bangon.

To, mu koma wurin mai goro da tsohon magini, mun bar su a tsaye a bakin ƙofa. Mai goro yana iya cewa, "Baba, kai dai tsufa ya sa ka tsoro. Wane ya cire nasa bara, ga shi yana zaune lafiya." A fasa bangon yini ɗaya, a yi fenti, a shimfiɗa darduma, ranar biki mata da yara su cika falo, buhu 120 suna reto a kansu. Watakila su fita lafiya ranar. Watakila shekara ta wuce. Amma kowane dare zai kwantar da 'ya'yansa a ƙarƙashin kayan da ba wanda ya ke ɗauke da su. Yana kuma iya cewa, "Baba, na ji. Zauna ka gaya mini abin da za a yi." Ya sallami samarin da ɗan abin shan ruwa, a yi bikin a rumfa, in rani ya zo a bi tsari, bayan kwana 28 ya sami falonsa, ya yi barci har da minshari.

Ya kai ɗan'uwana mai sauraro, mai goron nan kai ne, in kana da bango da ka ke shirin fasawa. Gidan naka ne, kuɗin naka ne, ba mai musu. Amma matarka da 'ya'yanka, da tsohuwarka, da ɗan hayarka, da baƙon da ya sauka wurinka, da maƙwabcin da ke bayan katanga, rayukansu ba naka ba ne, amana ce aka ba ka. Suna kwanciya su rufe ido domin sun amince rufinka zai kai su safiya. Da na sani ƙeya ce, a baya ta ke. Saboda haka yau in ka tashi daga kasuwa, ka shiga ɗakin nan, ka ɗaga kai ka dubi sama, ka yi wa kanka tambayar tsohon magini: kayan da ke kan bangon nan, wa na ba? In ba ka da amsa, ka ajiye guduma, ka tafi ka nemo wanda ya sani.

In ka gama karanta wannan takarda kada ka naɗe goro da ita. Ka miƙa wa na kusa da kai, ko ka karanta wa wanda bai iya karatu ba. Allah ya kiyaye ku da iyalanku, ya ba ku kasuwa mai albarka, ya tashe mu lafiya. Sai wani jiƙon.